Girkawan dā da waƙa: me ya sa Aflaɗun ya sallami mawaƙa daga birninsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi. A aji an gaya mana Aflaɗun ya kori mawaƙa daga birnin da ya tsara a littafinsa, alhali kuma an ce Girkawan dā suna ɗaukar mawaƙi a matsayin wanda alloli ke magana ta bakinsa. Yaya aka yi abu biyun suka haɗu? A wurinsu waƙa gyara tarbiyya take yi ko ɓatawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Duka maganganun biyu da kika ji gaskiya ne, kuma ta farkon daga cikin ta biyun ta fito. Da waƙa abin hira ce kawai a ƙasar Girka, da Aflaɗun, wanda a boko aka fi sani da Plato, bai ɓata lokacinsa a kanta ba. Ya taso mata ne saboda kujerar da take kai, ta malamin addini da tarbiyya, kuma yana ganin ba ta cancanci wannan kujera ba.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne Girkawan dā ba su da saukakken littafi. Ba su da annabin da ya zo musu da shari'a, ba su da malaman da aikinsu koyar da aƙida. Akwai masu hidimar ɗakunan bauta, amma aikinsu yanka ne da kula da bukukuwa, ba sa tara jama'a su yi wa'azi. To yaro ɗan birnin Atina daga ina zai san wane ne Ziyus, shugaban allolinsu, wa ya haife shi, me yake so, me yake ƙi, ina mutum ke zuwa in ya mutu? Daga bakin mawaƙa biyu: Homer, mai Iliyad da Odisi, da Hesiyod, wanda ya tsara waƙar asalin alloli da wata ta noma da zaman duniya. Duka biyun ana sanya su wajen ƙarni na 8 zuwa na 7 kafin Miladiyya. Herodotus, masanin tarihin nan na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, ya faɗa ƙarara cewa su biyun ne suka tsara wa Girkawa salsalar allolinsu, suka ba su laƙabobi, suka raba musu muƙamai da sana'o'i, suka siffanta kamanninsu.

A makaranta ma haka. Da zarar yaro ya iya haɗa baƙi, sai a zaunar da shi a kan benci a ɗora masa waƙoƙin manya a ce ya haddace, don a cikinsu akwai gargaɗi da labarin mazan jiya da zai yi sha'awar koyi da su. Zenofon, wani marubuci ɗan Atina, ya kawo wani saurayi, Nikeratus ɗan babban kwamandan nan Nikiyas, yana cewa mahaifinsa ya sa shi haddace Homer gaba ɗaya don ya zama mutumin kirki. Ki auna girman aikin: Iliyad ta haura layi 15,000, Odisi kuma wajen 12,000. Yaron Atina yana tashi da Homer a baki kamar yadda yaro a garuruwanmu yake tashi da Ishiriniya tun bai san fassararta ba. A babban bikin Fanatenaya kuwa, wanda ake yi duk shekara huɗu don girmama Atena uwargijiyar birnin, ƙwararrun marera ne ke karɓa-karɓa suna rera Homer a gaban taro, ana gasa.

Su kansu mawaƙan biyu ba su ce daga kansu suke magana ba. Homer yana buɗe waƙa da kiran allahiyar waƙa ta rera. Da zai lissafa jiragen da suka tafi yaƙin Taroyi sai ya sake kiran allolin waƙar yana cewa ku kuna nan kun ga komai, mu kuwa jita-jita kawai muke ji. Hesiyod ya ma ba da labarin ranar da abin ya same shi. Yana kiwon tumaki a gindin dutsen Helikon sai suka bayyana gare shi. Da gori suka fara: makiyaya masu kwana a daji, waɗanda ba su san komai ba sai cikinsu. Sannan suka ce masa, mun iya faɗin ƙarairayi masu yawa da suka yi kama da gaskiya, mun kuma iya faɗin gaskiya in mun ga dama. Suka ba shi reshen itace ya zama sandarsa, suka hura masa murya. Ki lura da wannan magana tasu. Tun a ranar naɗin, waɗanda suka ba da ilhamar ba su yi alkawarin gaskiya zalla ba, kuma ba su ba mai sauraro wata alama da zai rarrabe ba. Duk rigimar da ta biyo baya tana kwance a cikin layukan nan biyu.

Wanda ya fara tsayawa ya ƙalubalance su a fili shi ne Zenofanis, mutumin Kolofon, a gaɓar ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wanda aka haifa wajen shekara ta 570 kafin Miladiyya. Shi ma mawaƙi ne, a waƙe ya yi sukar. Ya ce Homer da Hesiyod sun jingina wa alloli duk abin da yake abin kunya da zargi a tsakanin mutane: sata, zina, da yaudarar juna. Kuma bai yi musu ƙage ba. A Odisi akwai inda Hefestus ya kama matarsa Afrodita da Aris a cikin raga, ya kira alloli maza su zo su gani, suka tsaya a ƙofa suna ƙyaƙyata dariya. A Iliyad Hera ta yaudari mijinta Ziyus ya yi barci don a juya akalar yaƙi. A waƙar Hesiyod, Kronos, mahaifin Ziyus, ya fiɗiye ubansa da lauje, daga baya ya riƙa haɗiye 'ya'yansa. Zenofanis ya ƙara da cewa Habashawa suna siffanta allolinsu baƙaƙe masu faɗin hanci, mutanen Tarakiya kuma masu shuɗin ido da jan gashi, da shanu da dawaki suna da hannun zane, da dawaki sun zana alloli kamar dawaki, shanu kamar shanu. A wurinsa abin bauta ɗaya ne mafi girma, bai yi kama da mutane ba a jiki ko a tunani. Herakilitus na Afisa ya fi shi zafin baki, ya ce Homer ya cancanci a fitar da shi daga filin gasa a yi masa bulala.

Ɗalibai sukan ɗauka waɗannan masu sukar marasa addini ne. Akasin haka ne. Kishin abin bauta ne ya motsa su. Sun ga cewa abin da ya cancanci a bauta masa ba zai yi abin da in maƙwabcinka ya yi za ka daina gaisawa da shi ba.

Masoya Homer sun nemi mafita ta hanya biyu. Ta farko gyara labari. Findar, mai waƙe zakarun wasanni, a waƙar da ya yi wa Hiyeron sarkin Sirakus a shekara ta 476, ya zo kan labarin Tantalus da aka ce ya dafa ɗansa Felofs ya ba alloli. Sai ya ja birki. Ya ce shi bakinsa ba zai iya kiran ɗaya daga cikin alloli mai cin naman mutum ba, maƙwabta masu hassada ne suka ƙago zancen, ya kawo wani labarin a madadinsa. Ta biyu kuwa tawili. Tiyagenis na Regiyum, a kudancin Italiya, wanda ya rayu wajen ƙarshen ƙarni na 6, shi ake dangantawa da fara cewa yaƙin da alloli suka yi da juna a Iliyad yana da baɗini: Afolo wuta ne, Fosaidon ruwa, Hera iska, Atena hikima, Aris wauta, Afrodita sha'awa. Wannan hanya ta daɗe ƙwarai, za mu sake cin karo da ita.

A ƙarni na 5 abin ya koma dandalin wasan kwaikwayo, kuma kada ki manta wasan kwaikwayon Atina waƙa ne daga farko har ƙarshe, da 'yan amshi da kiɗa da rawa. Ibada ce kuma, don a bikin Diyonisus, abin bautarsu na giya da wasan kwaikwayo, ake yin sa, bayan jerin gwano da yanka, mai hidimar Diyonisus yana zaune a sahun gaba. Jama'ar gari ba su ɗauki abin da wasa ba. Herodotus ya ce da Firinikus ya nuna wasa a kan faɗuwar birnin Miletus hannun Farisa, wadda ta auku a 494, mutane suka fashe da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 saboda ya fama musu ciwo, aka kuma hana sake nuna wasan.

In kina son jin ra'ayin mutumin kasuwa a Atina, ki duba wasan barkwanci na Aristofanis mai suna Kwaɗi, wanda ya ci na ɗaya a 405, shekara ɗaya kafin Atina ta miƙa wuya ga Isfata. Diyonisus ya sauka lahira don ya dawo wa birnin da mawaƙin kirki, aka haɗa gasa tsakanin Eskilos da Yurifidis, manyan marubutan wasan ban tausayi biyu da suka riga suka mutu, har aka kawo sikeli ana auna nauyin baitocinsu. Eskilos ya tambayi abokin karawarsa don me ake girmama mawaƙi. Yurifidis ya ce don gwaninta da nasiha, da kuma don muna gyara mutane a birane. A nan babu saɓani tsakaninsu. Saɓanin ya zo ne da Eskilos ya zarge shi da nuna Fedira, matar da ta kamu da son ɗan mijinta. Yurifidis ya ce to ƙarya na yi? Eskilos ya ce a'a, labarin haka yake, amma mawaƙi ya kamata ya rufa asirin mummunan abu, kada ya fito da shi dandali, domin yara suna da malamin da ke koya musu, manya kuwa mawaƙa ne malamansu. A ƙarshe Diyonisus ya tafi da Eskilos. Yurifidis ɗin nan shi ne ya sa wani jarumi a wasansa ya ce harshena ne ya rantse, zuciyata ba ta rantse ba, layin da aka yi ta goranta masa har wani ya kawo shi a kotu a matsayin shaidar rashin tsoron alloli. Shi ne kuma ya rubuta cewa in alloli sun aikata abin kunya to ba alloli ba ne.

Tsoron da ake ji ba na iska ba ne. Mutane suna kafa hujja da labaran nan. A wani wasan na Aristofanis, na 423, an nuna malamin ɓata yana koya wa saurayi cewa in an kama ka da matar wani ka ce Ziyus ma mata sun rinjaye shi, kai ɗan'adam ka fi shi ƙarfi ne? Aflaɗun kuma ya kawo wani mutum, Yutifiro, wanda ya kai mahaifinsa ƙara a kan mutuwar wani ɗan ƙwadago, hujjarsa ita ce Ziyus, mafi adalcin alloli, ai ya ɗaure ubansa. Suƙraɗ, wato Socrates, malamin Aflaɗun wanda ta bakinsa yake magana a littattafansa, ya amsa masa da cewa wataƙila abin da ya sa ake tuhumata ke nan, don irin waɗannan labarai suna yi mini wuyar karɓa. A 399 kotun Atina ta yanke wa Suƙraɗ hukuncin kisa bisa zargin rashin girmama allolin birnin da ɓata matasa, kuma shi da kansa ya ce Meletus, mai ƙarar, yana fushi da shi ne a madadin mawaƙa. Aflaɗun yana cikin kotun a ranar, yana ɗan shekara kusan 28. Ki riƙe wannan a zuciya duk lokacin da kike karanta abin da ya rubuta game da waƙa.

Dabarar da ya fara yi ita ce ya amince wa mawaƙa da'awarsu. A tattaunawarsa mai suna Iyon, Suƙraɗ ya haɗu da wani gwanin rera Homer, mutumin Afisa, yana dawowa daga cin gasa a Efidaurus. Ya ce masa abin da kake yi ba ilimi ba ne, ƙarfi ne daga sama, kamar dutsen maganaɗisu da ke jan zoben ƙarfe, zoben ya ja wani, wani ya ja wani: allahiya ta ja mawaƙi, mawaƙi ya ja marera, marera ya ja taro. Mawaƙi, in ji shi, halitta ce marar nauyi, mai fiffike, mai tsarki, ba ya iya waƙa sai hankalinsa ya fita daga jikinsa. Iyon ya ji daɗin wannan. Ya yarda cewa in yana rera wurin ban tausayi idanunsa na cika da hawaye, in wurin ban tsoro ne gashinsa na tashi. Ya kuma ƙara da cewa daga kan dandamali yakan sa ido a kan fuskokin jama'a, don in ya sa su kuka shi zai yi dariya wajen karɓar kuɗi, in suka yi dariya shi zai yi kuka. Yabon da Suƙraɗ ya yi masa da ƙugiya a ciki: in ta bakinka ake magana alhali hankalinka ba ya nan, to ba ka san abin da kake faɗa ba, wanda bai sani ba kuwa ba shi da abin koyarwa.

A Jamhuriya, littafin da kika yi tambaya a kansa, wanda Aflaɗun ya rubuta wajen 375, ya shiga maganar gadan-gadan. Ya fara ne daga ƙorafin Adimantus, ɗan'uwansa na jini, wanda ya ce mawaƙa suna yabon adalci don ladan da ke cikinsa kawai, suna kuma koyar da cewa ana iya lallashin alloli da yanka da turare. In haka ne, mai wayo sai ya yi zalunci ya ware wani kaso daga ganimar ya yi yanka. A ganina wannan ita ce tuhuma mafi nauyi a littafin, ta fi ta zinar alloli, don tana rushe alaƙar ibada da halin kirki daga tushe. Sai Suƙraɗ ya kafa wa mawaƙa ƙa'ida biyu. Abin bauta nagari ne, don haka alheri kaɗai ke fitowa daga gare shi. Kuma ba ya sauya kama, ba ya ƙarya. Da wannan ma'auni ya bi Homer yana sokewa: mafarkin ƙarya da Ziyus ya aika wa Agamemnon, jagoran rundunar Girkawa a yaƙin Taroyi, dariyar alloli, kukan jarumai suna birgima a ƙasa, da maganar Akilis, babban jarumin Iliyad, a lahira cewa gara ya zama ɗan ƙwadago a gonar talaka a duniya da ya zama sarkin matattu duka. Wa zai tsaya a fagen fama, in ji shi, bayan an shayar da shi wannan tun yana yaro? Masu tawili ma bai bar musu ƙofa ba. Ya ce yaro ba ya rarrabe zahiri da baɗini, abin da ya shiga ransa a wannan shekaru kuwa da wuya ya wanku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi ya san a hannun wa ɗanyen iccen Atina yake.

Korar da kika ji labari, ga yadda ya siffanta ta. Ya ce in gwanin da ya iya kwaikwayon komai ya zo birninmu, za mu rusuna masa a matsayin mai tsarki abin al'ajabi, mu zuba masa turare a ka, mu naɗa masa rawanin ulu, sannan mu raka shi wani birnin. A kashi na 10 ya dawo da hujjar da ta fi zurfi. Ya tambayi Homer wane birni ne ya gyaru ta hannunsa, kamar yadda Isfata ta gyaru ta hannun Likurgus, Atina ta hannun Solon, waɗanda suka tsara musu dokoki. Sannan ya ce hatta mutanen kirki a cikinmu, in sun ji jarumi yana kuka a dandali, sukan saki jiki su ji daɗi su yabi mawaƙin, alhali in musiba ta same su a gida abin da suke alfahari da shi shi ne dauriya. Waƙa tana ba da ruwa ga ɓangaren rai da ya kamata a bari ya bushe. Abin da ya bari ya shiga birnin shi ne waƙar yabon alloli da ta yabon mutanen kirki. Ya faɗi duk wannan yana mai iƙirarin cewa tun yarinta yake ƙaunar Homer yana jin nauyinsa, amma ba a fifita mutum a kan gaskiya. Ya ce rigimar falsafa da waƙa tsohuwa ce, kuma in masoyanta za su iya nuna cewa ban da daɗi tana da amfani, zai karɓe ta hannu bibbiyu.

Yanzu ga inda nake rabuwa da shi. Daga cikin abin da ya soke akwai maganar tuluna biyu da ke ƙofar Ziyus, ɗaya na alheri ɗaya na sharri, wani a gauraya masa, wani a ba shi daga na sharri kaɗai. Ta fuskar ƙa'idarsa dole ya soke ta. Amma ki je ki ga inda maganar take a Iliyad. Akilis ya kashe Hekta, ya ɗaura gawarsa a bayan karusa yana ja kwana da kwanaki. Cikin dare tsoho Firiyam, sarkin Taroyi, mahaifin Hekta, ya shiga sansanin abokan gaba, ya faɗa bukkar Akilis ba tare da an ankara ba, ya rungume gwiwoyinsa, ya sumbaci hannuwan da suka kashe masa 'ya'ya. Ya ce masa ka tuna da mahaifinka, tsoho kamata. Sai su biyun suka fashe da kuka, Firiyam yana kukan ɗansa, Akilis yana kukan ubansa da abokinsa Fatroklus. Akilis ya tashi ya kama hannun tsohon ya ɗaga shi, kuma a nan ne, don ya rarrashe shi, ya kawo maganar tulunan. Ya sa aka wanke gawar aka shafe ta da mai a inda uban ba zai gani ba, ya ɗauke ta da hannunsa ya ɗora a kan makara. Ya yanka tunkiya suka ci tare. Ya tambayi tsohon kwana nawa yake bukata don jana'iza, ya yi alkawarin tsayar da yaƙi har a gama.

Na daɗe ina karantar da wannan wuri, kuma ban san wani shafi a rubuce-rubucen Girkawa da ya fi shi koyar da tausayin maƙiyi ba. Darasin kuwa ta hanyar hawayen da Aflaɗun yake so a busar yake shiga. Ya ciro layi ya auna shi shi kaɗai, ya bar wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da maganar ta haifar. Ya yi gaskiya cewa waƙa tana gina hali, har ya fi masu kare ta gane ƙarfinta. Kuskurensa yana wajen magani. Kuma akwai abin da ke damuna fiye da haka: a littafin da ya hana mawaƙa ƙarya, ya halatta wa masu mulki ita a matsayin magani don maslahar birni, har ya tsara musu tatsuniyar da za su gaya wa talakawa. Ƙaryar tana nan, hannu kawai ta sauya.

Amsar ta zo daga ɗalibin Aflaɗun, Arisɗo, wato Aristotle, wanda ya yi shekara 20 a makarantarsa. A ɗan littafinsa kan fasahar waƙa ya ce kwaikwayo ɗabi'ar ɗan'adam ce tun yarinta, da shi muke fara koyo. Ya ce waƙa ta fi tarihi kusa da falsafa, don tarihi yana faɗin abin da wani mutum takamaimai, kamar Alkibiyadis ɗan siyasar Atina, ya yi, waƙa kuwa tana nuna abin da mai irin wannan hali zai yi a irin wannan yanayi. Game da hawaye, ya ce wasan ban tausayi yana tayar da tausayi da tsoro har ya kai ga wanke su. Masana suna jayayya har yau a kan yadda wankin yake, amma alƙiblarsa a fili take: motsin rai ba abin busarwa ba ne, abin daidaitawa ne. Bai watsar da ɗabi'a ba. Ya ce abin ƙyama ne a nuna salihin mutum ya faɗa halaka haka kawai, haka nan a nuna mugu ya ci nasara. Wanda ya dace shi ne mutum tsaka-tsaki da kuskure ya kayar da shi, kamar Odifus, sarkin da ya kashe mahaifinsa bai sani ba. A littafinsa na siyasa ma ya hana yara kallon wasan barkwanci da waƙar zambo sai sun girma. Maganar alloli kuwa da 'yan kalmomi ya sallame ta: mai yiwuwa ne labaran ba gaskiya ba ne, kamar yadda Zenofanis ya ce, amma haka mutane ke faɗa, kuma ma'aunin daidai a waƙa ba shi ne na siyasa ba. Da wannan ya sauke mawaƙi daga kujerar malamin aƙida ya ba shi tasa kujerar. Sai dai wannan ya rage wa waƙa wani abu, don wasan da aka haifa a bikin ibada, a littafin Arisɗo kusan babu ibadar a cikinsa.

Bayansu kowa ya kama ɓangarensa. Mabiya wani masanin falsafa mai suna Zeno suka rungumi tawili, har wani marubuci a kusan ƙarni na 1 Miladiyya ya ce in Homer ba da baɗini yake magana ba to saɓo ya yi daga farko har ƙarshe. Eratostenis, shugaban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya ce mawaƙi nishaɗantarwa yake nufi ba karantarwa ba. Sitrabo, masanin labarin ƙasa, ya mayar masa da martani cewa waƙa ita ce falsafar farko, kuma mutum ba ya zama mawaƙin kirki sai ya fara zama mutumin kirki. Wanda ya fi amfani ga malamin aji shi ne Fulutak, wanda ya rasu wajen 120 Miladiyya, mai hidima a ɗakin bautar Delfi. Ya rubuta wa abokinsa yadda matashi zai saurari waƙa. Ya ce ba za mu toshe kunnen yara da kakin zuma ba kamar yadda Odisiyus, jarumin Odisi, ya yi wa matuƙan jirginsa don kada waƙar aljanun teku ta ja su ga halaka, za mu ɗaure su ne a jikin hankali, kamar yadda aka ɗaure shi a jikin jirgin, su ji su wuce. A gaya wa yaro tun farko cewa mawaƙa sukan yi ƙarya. A nuna masa cewa yabon gwanintar kwaikwayo daban ne da yabon abin da aka kwaikwaya. A koya masa neman inda mawaƙin da kansa ya nuna ƙin aikin, in kuma baiti ya karkace a kawo masa wani baitin na mawaƙin da ke gyara shi. A aikace wannan hanya ce ta yi rinjaye, Homer bai taɓa barin makaranta ba, kuma a tarkacen takardun da aka tono a Masar babu marubucin Girka da ya kai shi yawa.

Kada ki ɗauko muhawararmu ta Musulmi a kan waƙa ki ɗora a kan tasu kai tsaye. A wurinmu akwai Littafi a sama da waƙa, da shi ake auna ta. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙa ya kuma toge muminai masu aikin ƙwarai, hadisi ya tabbatar da cewa a cikin waƙa akwai hikima, Hassanu bin Sabit ya kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da baitoci. Girkawa ba su da wannan ma'auni, sai masana falsafa suka ƙera nasu. Amma muhawarar tasu ta iso duniyar Musulmi ta hanyar fassara. Abu Bishr Matta, wanda ya rasu a 940, ya mayar da littafin Arisɗo kan waƙa zuwa Larabci a Bagadaza. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi sharhinsa, ya kuma yi sharhin Jamhuriya saboda littafin siyasa na Arisɗo bai zo hannunsa ba. Da yake bai san dandalin Atina ba, sai ya karanta maganar a matsayin ta waƙar yabo da ta zambo, ya riƙa kawo misalai daga Imru'ul Ƙais da Mutanabbi da Abu Tammam. Hukuncin da ya yanke shi ne a nisanta yara da waƙoƙin bege da ke kwaɗaitar da fasiƙanci, a tarbiyyantar da su da waɗanda ke zaburarwa zuwa jarumta da kyauta.